Ofishin Gwamnati Ko Wurin Sana'a: Ina Ya Kamata Ɗalibin Difloma A Kebbi Ya Yi Horon Aikinsa?

Ɗalibin da ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha domin yin ƙaramar difloma shekara biyu kacal gare shi a aji, kuma tun bai gama sanin malamansa ba za a miƙa masa takarda a ce ya je ya nemo inda zai yi horon sanin makamar aiki. A nan jihar Kebbi, ko yana karatu a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko a ta jiha da ke Dakingari, hanyoyi biyu ne yawanci ke gabansa: ya kai takardar wata ma'aikatar gwamnati, ko ya kai ta wurin masu zaman kansu, wato masana'anta ko shago ko gareji. Yawancin ɗalibai ba sa zama su auna wannan zaɓi. Inda wani kawu ko maƙwabci yake da hanya, nan ake kai takarda, a buga hatimi, a ce an huta. Ni kuwa ina ganin a duk tsawon karatun difloma babu shawarar da ta kai wannan nauyi, domin ita ce ke nuna ko yaro zai fito da takarda kawai, ko zai fito da takarda da kuma abin yi a hannunsa.

Ya kamata a fara bambance horo biyu da ake yawan haɗa su a baki ɗaya. Na farko shi ne SIWES, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ya ɓullo da shi a 1973, shekara biyu bayan kafa asusun kansa a 1971, saboda kukan da masu masana'antu suke yi cewa ɗalibai na fitowa daga makaranta ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Ɗalibin ƙaramar difloma a fannonin da shirin ya shafa yana yin sa na wata huɗu bayan kammala shekarar farko, yana cika littafin rahoto kullum, shugabansa na wurin aiki yana sa hannu, malami daga makaranta yana zuwa dubawa, daga ƙarshe kuma a ba shi maki. Na biyu shi ne shekara guda da ake yi bayan kammala ƙaramar difloma, wadda ɗalibai ke kira IT, kuma tana cikin sharuɗɗan shiga babbar difloma a tsarin hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha. A wannan shekarar babu malamin da zai bi ka, babu makin da za a ba ka. Takardar shaidar kammalawa kawai ake nema, shi ya sa ita ce aka fi yin wasa da ita, alhali ta ninka ta farko sau uku a tsawo.

Abin da ke jan ɗalibai zuwa ofishin gwamnati a bayyane yake. Akwai inuwa da kujera, ana shiga da safe a tashi da la'asar, ranar Juma'a a tashi da wuri, Asabar da Lahadi kuma a huta. Mutum zai sa kaftaninsa da hularsa ya tafi sakatariya a Gwadangwaji ya dawo ba tare da ɗigon baƙin mai a jikinsa ba, kuma a unguwa za a ce ai wane yana zuwa ofis. Takardar karɓa da ta kammalawa ba sa wahalar samu, hatiminsu kuma babu makarantar da za ta yi jayayya da shi. Ga ɗalibin da yake taimaka wa mahaifinsa a gona ko a kasuwa, wannan sassaucin lokaci ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a koyon komai a ofis. Ɗalibin da aka zaunar a sashen ajiyar fayil, idan ya dace da tsohon akawu mai son koyarwa, zai ga yadda wasiƙa ke shigowa a buga mata tambarin ranar karɓa, a rubuta ta a rijista, a nemo fayil ɗin da ya dace da ita, a sa wa shafin lamba, sannan a aika wa jami'in da zai yi bayani a kanta. Zai ga yadda ƙaramin jami'i ke rubuta wa na sama da shi shawara cikin layi uku ko huɗu, da ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, da yadda takardar biyan kuɗi ke bi daga tebur zuwa tebur kafin a saki ko sisi. Wanda yake karanta harkar mulki, ko akanta, ko ƙididdiga, ko aikin sakatare, wannan shi ne ainihin aikinsa, kuma babu shagon da zai koya masa shi. Har ila yau zai koyi yadda ake shiga ofishin babba, yadda ake cewa "ranka ya daɗe" a gabatar da buƙata a taƙaice, da yadda ake riƙe sirrin abin da aka gani a takarda. Waɗannan halaye suna bin mutum har tsufansa.

Matsalar ita ce ofisoshi da yawa suna karɓar ɗalibai fiye da aikin da suke da shi. Sai ka iske ɗalibai biyar ko shida a kan benci ɗaya a baranda, kowa da waya a hannu, ana jiran a aiki wani ya yi hoton takarda ko ya sayo ruwan sanyi. Bayan mako biyu sai wani ma'aikaci ya ce musu, cikin tausayawa ma, ba sai sun riƙa zuwa kullum ba, su zo Litinin da Alhamis ya isa. Daga nan zuwan ke raguwa har ya koma ranar sa hannu kaɗai. Ga ɗalibin injiniyan lantarki ko na kanikanci wannan asara ce tsagwaronta, domin abin da zai rubuta a littafin rahotonsa sai dai ya kwafo daga littafin aji. Akwai kuma fatan da mutane ke ɗorawa a kan ofis, cewa idan yaro ya saba da manya za a ɗauke shi aiki. Sabon yana da amfani, amma ɗaukar ma'aikata a gwamnati ba a hannun shugaban sashe take ba, kuma ba kowace shekara ake yin ta ba. Mai ƙaramar difloma ma idan an ɗauke shi a mataki na 6 na albashi zai fara. Bai kamata a jingina shekara guda ta ƙuruciya a kan wannan fata kaɗai ba.

Sai dai ba duk wurin gwamnati ne ofis ba, kuma wannan bambanci ne da ɗalibai ke yawan mantawa. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, KARDA, tana da malaman gona masu shiga ƙauyuka da fadamu. Hukumar ruwa tana da injinan turo ruwa da wurin tacewa. Ma'aikatar ayyuka tana da safiyo da masu duba hanyoyi da gine-gine. Ɗakunan gwaje-gwaje na manyan asibitoci, irin su asibitin tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, suna ganin samfura iri-iri da ƙaramin ɗakin gwaji na cikin unguwa ba zai gani ba. Wanda zai je gwamnati ya roƙi a tura shi sashen da ake fita fili ko ake taɓa na'ura, kada ya yarda a bar shi a hedikwata don kawai ta fi kusa da gida.

A ɓangaren masu zaman kansu, Kebbi ta yau ba Kebbin shekara ashirin da suka wuce ba ce, kuma shinkafa ce ta sauya ta. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, harkar ta bunƙasa daga gona har masana'anta. Akwai kamfanin Labana a Birnin Kebbi, akwai na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga kuma ƙananan injinan casa a garuruwa irin su Jega da Yawuri da Kamba. Babbar masana'antar shinkafa makaranta ce sukutum ga wanda ya buɗe ido. Shanshera na shigowa a auna ta a kan sikeli, a gwada danshinta, a tsaftace ta, a jiƙa, a turara, a busar har danshin ya sauko wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, sannan a cashe, a fitar da tsakuwa, na'ura mai tantance launi ta ware baƙaƙen ƙwayoyi, a ɗura a buhu mai kilo 50. A kowane mataki akwai abin da ya shafi wani fanni. Ɗalibin lantarki zai ga manyan injinan lantarki masu layi uku da allon sarrafa su, na kanikanci zai ga tukunyar tururi da bel da boris, na kimiyyar gwaje-gwaje zai zauna a sashen duba inganci, na akanta kuma zai ga yadda ake lissafin kaya a sito, inda buhu ɗaya ba ya ɓata ba tare da wani ya amsa tambaya ba. Irin wannan wuri yana da tsarin da ofis yake da shi, yana kuma da aikin hannun da shago yake da shi. Aibinsa ɗaya: guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, don haka wanda bai kai takarda da wuri ba sai dai ya ji labari.

Inda mafi yawan ɗalibai za su iya samu shi ne ƙananan wurare: masu haɗa wutar sola, masu gyaran janareto da injin ban ruwa, masu walda, masu haɗa wayar gida, garejin motoci, shagon gyaran waya da kwamfuta, wuraren buga takardu, gonakin kaji da na kifi, da 'yan kwangilar gini. A nan nake son in daɗe, domin a nan ne ake yi wa wurin sana'a kallon raini, kuma a nan ne ribar take.

Ɗauki misalin mai haɗa sola. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da shaguna da masallatai da masu rijiyar burtsatse, har da manoman rani a fadama, suka karkata ga hasken rana, saboda ciyar da janareto ya fi ƙarfin mutane da yawa. Ɗalibin da ya bi irin wannan maigida zai tashi tun da sanyin safiya, domin a watan Afrilu kwanon rufi ba ya takuwa idan rana ta ɗaga. Makon farko aikinsa ɗaukar tsani ne da miƙa sifana da naɗe waya. A mako na uku za a ba shi mita a ce ya auna abin da kowane faifan sola ke fitarwa kafin a haɗa, kuma idan ya kai hannu zai murɗa waya bai auna ba zai ji maigida daga ƙasa yana cewa, "Kai yaro, auna tukuna, wuta ba ta san ɗan makaranta ba." A nan zai gane da idonsa bambancin jera batura a layi ɗaya domin ƙarfin ya tashi daga volt 12 zuwa 24 ko 48, da haɗa su kafaɗa da kafaɗa domin su daɗe suna aiki, abin da ya zana a takardar jarrabawa ya ci maki ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Zai ga wayar da ta yi siriri ta ɗauki zafi har robarta ta narke. Zai ji yadda ake tambayar mai gida abin da yake son kunnawa, firji ne ko fanka ko famfon ruwa, a lissafa nauyin, a faɗa masa gaskiyar abin da kuɗinsa zai iya saye. Wannan na ƙarshen ma ya fi sauran daraja, domin ciniki da lissafin kuɗin aiki da haƙuri da mai kaya ba sa cikin manhajar kowace kwaleji.

Abin da ɗan makaranta yake da shi wanda sauran yaran shago ba su da shi shi ne karatun. Yana iya karanta takardar da ta zo da na'ura, yana iya lissafi a rubuce, yana iya zana taswirar waya, yana iya rubuta wa mai kwangila takardar farashi mai tsafta. Maigida mai hankali yakan gane haka da wuri ya jawo shi jiki. Idan ɗalibin ya sauke girman kai ya gaida waɗanda ya tarar, ko da ya girme su ko ya fi su boko, su ma za su nuna masa dabarun da suka shekara suna tarawa. Wanda ya shiga yana jin shi injiniya ne, tsani zai ta ɗauka har ya gama.

Wurin sana'a kuma yana da nasa ɗacin, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Aiki kwana shida ne a mako, wani lokaci har dare idan mai kaya yana jira. A cikin azumi, musamman idan ya faɗo a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin rufi ko na walda jarrabawa ce ta gaske. Kayan kariya sau da yawa babu su: ana walda da tabarau na kasuwa, ana hawa sama ba igiya, ana taɓa waya da silifa a ƙafa. Ɗalibi ya sayi takalmi mai rufi da safar hannu da kuɗinsa idan ba a ba shi ba, kuma ya ƙi duk aikin da aka ce ya yi a kan layin da ba a kashe ba, ko da za a ce masa matsoraci. Akwai kuma masu gidan da ke ɗaukar ɗan horo a matsayin ɗan aike na kyauta, a tura shi kai yara makaranta ko sayen cefane, a hana shi taɓa aiki don gudun kada ya koya ya buɗe nasa. Sannan wasu ƙwararrun sun iya aiki amma hanyarsu ta saɓa wa ƙa'ida, kamar ɗaure fis da waya ko barin gida babu wayar ƙasa mai kare mutane daga jan wuta. Ɗalibi ya koyi saurin hannunsu, ya riƙe ƙa'idar da aka koya masa a aji. Abu na ƙarshe shi ne takarda: shagon da ba shi da rijista, ba shi da takarda mai ɗauke da sunansa, ba shi da hatimi, makaranta na iya ƙin amincewa da shi. A tambayi ofishin SIWES na kwaleji kafin a fara, ba bayan an yi wata biyu ba.

Batun kuɗi shi ne yake yanke wa mutane da yawa hukunci, don haka a yi lissafinsa da biro. Alawus ɗin SIWES ɗan kaɗan ne, kuma ba abin da za a dogara da shi ba ne wajen hawa abin hawa na yau da kullum. Ofishin gwamnati galibi ba ya biyan ɗan horo komai, sai dai abin da wani shugaba ya ba shi don Allah. Ɗalibin da ke zaune a unguwar Badariya ko Gesse a Birnin Kebbi ya ninka kuɗin kabu-kabu ko keke Napep na zuwa da dawowa sau ashirin da biyu, ya ƙara kuɗin abincin rana, ya ga abin da wata ɗaya zai ci masa. A shago kwanakin sun kai ashirin da shida, amma akwai al'adar da ke rage nauyin: maigida yakan sayi abincin rana a ci tare, ko garau-garau ne ko fura, yakan ba da na mota idan an tashi, kuma ranar da aka gama babban aiki yakan sallami yara da wani abu. Ba albashi ba ne, babu kuma tabbas a kansa. Amma bayan wata biyar ko shida, ɗalibin da ya iya hannunsa zai fara samun ƙananan ayyuka a unguwarsu, a kira shi ya sauya soket ko ya duba fankar da ta tsaya, kuma wannan kuɗin nasa ne. Na san da wuya ɗan ofis ya samu irin wannan ƙofa, sai fa wanda ya ƙware a kwamfuta yana buga wa mutane takardu a gefe. Ga wanda yake tara kuɗin rijistar babbar difloma da kansa, wannan bambanci yana da girma.

Ga ɗalibai mata lissafin yana ɗan sauyawa, kuma bai dace a yi kamar ba haka ba ne. Iyaye da yawa sun fi natsuwa da ofis saboda an san lokacin tashi, an san wurin, akwai kuma wasu matan a ciki. Wannan damuwa ce mai tushe. Sai dai tsakanin benci a baranda da garejin maza akwai wurare da yawa: ɗakin gwaje-gwaje, sashen duba inganci ko na lissafi a masana'anta, wurin buga takardu da zane a kwamfuta, makarantu masu zaman kansu da ke neman mai riƙe musu lissafi, gidajen ɗinki da na sarrafa abinci waɗanda mata ke gudanarwa. Abin da ya kamata uba ko yaya ya yi shi ne ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya gaisa da shugaban, a yi magana a kan lokacin tashi tun ranar farko, a kuma tabbatar akwai wurin salla da bayan gida mai kyau. Ɗaliba kuma ta san cewa duk shugaban da ya fara ɗaure sa hannu a littafinta da wata buƙata ta daban, tana da ikon kai ƙara ofishin SIWES a sauya mata wuri, kuma yin shiru ba ya kawo ƙarshen irin wannan.

Wasu kan yi tunanin fita jihar gaba ɗaya, zuwa Sakkwato inda kamfanin siminti yake a Kalambaina, ko Kano da Kaduna da Abuja. Ga shekarar IT wannan na iya zama alheri idan akwai gurbi tabbatacce a rubuce da kuma gidan ɗan'uwa da za a sauka. Ga wata huɗun SIWES kuwa ban ga ribarsa ba, domin kuɗin haya da na abinci za su cinye abin da aka je nema, kuma zuwan malami mai dubawa yana ƙara wuya. A cikin jihar ma dole a sa tsaro a lissafi. Aikin da zai riƙa kai mutum ƙauyukan da hanyarsu ba ta da aminci, kamar wasu sassan masarautar Zuru da ke iyaka da Zamfara da Neja, a nemi shawarar mutanen yankin kafin a karɓe shi, kuma babu makin da ya kai a yi tafiyar dare dominsa.

Idan aka ce in zaɓa wa ƙanena, fanninsa zan fara dubawa. Mai karanta mulki ko akanta ko ƙididdiga ya yi wata huɗunsa a ofishin gwamnati mai aiki, ya ga yadda tsari yake, sannan ya nemi kamfani ko banki ko babban shagon sari ya yi shekararsa, inda lissafi ke da sakamako a ranar da aka yi shi. Mai karanta lantarki, kanikanci, gini, kwamfuta ko aikin gona, ban ga dalilin da zai sa ya zauna a ofis ko da mako ɗaya ba, sai dai sashen gwamnati mai fita fili irin waɗanda na ambata. Ya nemi masana'anta, idan bai samu ba ya nemi ƙwararren mai sana'a, kuma idan wurin ya karɓe shi a SIWES ya koma can ya yi IT, domin wata goma sha shida a hannun mutum ɗaya sun isa a fara ba shi aiki ya tafi shi kaɗai. Dalilina shi ne ba kowane mai ƙaramar difloma ne ke samun komawa babbar difloma a kan lokaci ba. Wani kuɗi ke tsayar da shi, wani aure, wani rasuwar mahaifi ta mayar da shi uban gida. Wanda ya tsaya da sana'a a hannu ya tsaya a kan ƙafarsa, wanda kuma ya ci gaba zai shiga aji yana gane abin da malami ke faɗa fiye da na kusa da shi.

Amma sunan wuri ba ya wadatarwa, mutumin da za a zauna a ƙarƙashinsa shi ne abin dubawa. Kafin a kai takarda, a je wurin sau ɗaya ko biyu a matsayin baƙo, da hantsi lokacin da aiki ya kankama. A duba ko ɗaliban da ke can hannunsu na cikin aiki ko suna zaune. A ja ɗaya gefe a tambaye shi abin da ya yi jiya, ba abin da wurin ke yi ba. A tambayi shugaban kai tsaye, cikin ladabi, wane ne zai riƙa koyarwa da kuma ɗalibai nawa ya riga ya karɓa. Ƙaramin shago mai ɗalibi ɗaya da maigida mai bayani ya fi babbar ma'aikata mai ɗalibai talatin da babu mai kula da su.

Akwai hanya ta uku da kowa ya sani ba a faɗa a fili, wato a samu wanda zai buga hatimi ya sa hannu, ɗalibi ya zauna a gida ko ya tafi kasuwancinsa, a ƙarshe a cika littafin a dare biyu da biro kala-kala don a ce an daɗe ana rubutawa. Ban da kasancewarta ƙarya, tana tonuwa da sauƙi: malamin da ya san aikinsa tambaya biyu zai yi a ranar kare rahoto ya gane. Wanda dole ta sa yake neman abinci a wannan lokaci, gara ya faɗa wa shugaban wurin gaskiya a tsara masa kwana uku ko huɗu na aiki sosai a mako, da ya sayi sa hannu.

Duk inda aka zaɓa, littafin rahoto a cika shi a ranar da aka yi aikin, da zane inda ya kamata, da sunan na'ura da abin da ya lalace da yadda aka gyara, domin bayan mako ɗaya bayanin yakan gudu daga kai. A ɗauki hoton aikin da aka yi da izinin mai wurin, saboda shi za a nuna wa mai neman ma'aikaci nan gaba. Kuma kafin ranar ƙarshe, tun shugaban yana nan bai yi tafiya ba ko an sauya masa wurin aiki, a karɓi takardar kammalawa mai ɗauke da sunan wurin, da ranar farawa da ta gamawa, da irin aikin da aka yi, da hatimi da sa hannu. A yi mata hoto biyu ko uku a ajiye daban, domin ita za a nema a teburin tantancewa ranar da aka je shiga babbar difloma, kuma wanda makinsa na ƙaramar difloma bai kai matakin da ake so ba, makarantu da dama shekara biyu na aiki suke nema a wurinsa maimakon ɗaya.